Wasiƙar Illela: Daɓen Katako Da Iskar Ƙasarmu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau ina da magana a kan wani yayi da ya fara shigo mana, watau shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki maimakon daɓe ko siminti.

Abin da ya jawo maganar, wani malamin makaranta ne ya aiko mini da takarda yana tambaya. Ya ce wani attajirin garinsu ya gina gida, ya sa aka yi wa ɗakin baƙinsa daɓen katako irin wanda ya gani a manyan masaukai na Ikko da Abuja. Ranar da aka gama, kowa ya leƙa sai ya ce madalla. Da hunturu ya kankama sai falankan suka rarrabu, har tsinken tsintsiya yana shigewa tsakaninsu. Mai gida ya kira kafinta ya yi masa tas, ya sa shi ya ciccike tsagogin da ƙananan katako ya matse su tam. Da ruwa ya zauna cikin watan Agusta sai daɓen ya taso ya yi tozo a tsakar ɗaki, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Yanzu mai gida yana cewa kafinta bai iya aiki ba, ya hana shi sauran kuɗinsa, shi kuwa kafinta yana cewa sammu aka yi musu. Malam yana so ya san laifin wane ne.

To, Malam, babu sammu a ciki, ruwa ba ya tsami banza. Laifin na gaggawa ne da rashin sanin halin itace, kuma mai gida da kafinta kowa yana da rabonsa. Bari in kawo dalili, domin na tabbata ba wannan gida kaɗai abin zai tsaya ba.

Mu duka mun san itace yana shan ruwa sa'ad da yake raye. Abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba shi ne, ko an sare shi, an tsaga, an goge, an shafa masa fenti, ba ya daina sha. Da can da saiwa yake sha daga ƙasa, yanzu kuwa daga iska yake sha. In iska tana da laima ya tsotsa ya kumbura, in ta bushe ya amayar ya tsuke. Haka zai yi ta yi har ranar da gara ko wuta ta cinye shi. Duk mai ƙyauren katako ya ga shaida: da damina sai ya sa kafaɗa kafin ya buɗe, da hunturu kuwa sai ya ga haske ta gefen ƙyaure. Manomi ma ya san haka, shi ya sa in ƙotar fartanyarsa ta yi sako-sako yakan jiƙa ta cikin ruwa ta kwana.

Masana sha'anin itace sun auna wannan abu, ba su bar shi a ka-ce-na-ce ba. Ɗanyen itace da aka sare yanzu yakan ɗauke ruwa fiye da rabin nauyin busasshensa. Yana bushewa ba ya tsukewa sai ruwan ya sauko wajen kashi 30 cikin 100. Daga nan ne tsukewa take farawa, kuma ba ta tsayawa sai ruwan jikinsa ya daidaita da laimar iskar wurin da yake. Inda laimar iska ta kai kashi 80, katako yakan tsaya da ruwa wajen kashi 16. Inda take kashi 50 yakan tsaya wajen kashi 9. Inda ta faɗi zuwa kashi 20 kuwa, ba ya riƙe fiye da kashi 4 ko 5. Wani abin lura kuma, falanki ba ya raguwa ta tsawonsa sai ɗan abin da ido ba ya gani. Ta faɗinsa ne yake motsi.

Yanzu sai mu dubi inda katakonmu yake fitowa. Nan Illela, kilomita 80 da 'yan kai arewa da Sakkwato, da Birnin Ƙonni can ƙetaren iyaka, ba mu da kurmin da za a yanka falanki. Abin da 'yan katako suke sayar mana daga kudu ake hauro da shi, daga kurmin Edo da Ondo da Delta da Kuros Riba da makamantansu. Tun zamanin Turawa kamfanin UAC ya kafa babbar ma'aikatar yanka katako a Sapele, akwai kuma wani irin jan katako da ya ɗauki sunan garin, da shi aka san shi a kasuwannin duniya. A can wajen ruwan sama yakan wuce milimita 2,000 a shekara, kuma iska ba ta rabuwa da laima sai 'yan makonni. Saboda haka ko an jera katako ya shekara a inuwa a Sapele ko Ikko, da wuya ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kashi 15. Mai sayarwa ya ce maka busasshe ne, bai yi ƙarya ba, busasshe ne a garinsu. Sau da yawa ma ko wannan bushewar bai samu ba, daga bakin zarto ake loda shi a mota.

Mu kuwa a nan ƙasa biyu gare mu cikin shekara guda. Ruwanmu duka bai fi sulusin nasu ba, kuma cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Cikin Agusta gishiri yakan jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, katako ya hau zuwa kashi 13 ko 14, kamar muna gaɓar teku. Daga Janairu zuwa Maris kuwa, lokacin da leɓe yake tsagewa, faso ya kama dugadugai, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, katako ya sauka zuwa kashi 4. Watau tsakanin damina da rani akwai tazarar kashi 10, kowace shekara ta Allah. Mutumin Ikko laima kaɗai yake tsoro. Mu muna tsoron laima, muna tsoron fari.

Ga lissafin a sauƙaƙe, don malamai su gwada wa yara a allo. Katako mai matsakaicin hali, in ruwan jikinsa ya ragu da kashi 10, faɗinsa yakan ragu da wajen kashi 2 cikin 100. Falanki mai faɗin inci 4 zai tsuke da kamar kaurin tsinken ashana. Wani zai ce wannan ai ba kome ba ne. To, ɗaki mai faɗin ƙafa 12 yana cin irin wannan falanki 36. Tara tsinken ashana 36 wuri ɗaya, ka sami wajen inci 3. In an shimfiɗa katakon yana da ruwa, wannan inci 3 shi ne zai rarrabu ya zama tsagogi da hunturu. In kuwa an matse shi sa'ad da yake a bushe ƙarau, inci 3 ɗin nan zai nemi wurin zuwa da damina, bango ya hana shi dama da hagu, sai ya tashi sama. Abin da ya sami attajirin nan ke nan: an shimfiɗa masa jiƙaƙƙe, ya tsuke, aka cike gurbin da zai koma, ya dawo bai sami wuri ba.

Akwai kuma katakon daɓe da ake kawowa daga ƙasashen waje a cikin kwali, an riga an goge an shafe. Irin na Amurka akan busar da shi a ɗakin wuta har ya sauko tsakanin kashi 6 da 9, domin gidajensu da ake ɗumamawa da sanyi. In aka buɗe kwalin a Ikko aka shimfiɗa nan take, kumbura zai yi. Takardar bayanin da take zuwa da shi ba don iskar Illela aka rubuta ta ba, ba kuma don ta Ikko ba. Wanda ya dogara ga na'urar sanyaya ɗaki ta daidaita masa iska kuma, sai ya fara tambayar kansa awa nawa yake samun wuta a yini.

To, ashe ba shi yiwuwa a yi daɓen katako a ƙasarmu? Yana yiwuwa, amma da sharuɗɗa, ga su.

Na farko, zaɓen itace. Ba kowane katako ne yake motsi daidai da ɗan'uwansa ba. Loko, wanda Yarbawa suke kira iroko, da kawo, wanda 'yan katako suke kira apa, suna cikin masu natsuwa, ga ƙarfi, kuma gara ba ta cika son zuciyarsu ba. Farin katakon nan marar nauyi da ake kira obeche yana da amfaninsa wajen akwati da rufin silin, amma ƙafar kujera ma tana lotsa shi, ba na takawa ba ne. Kowane iri aka zaɓa, a ƙi mai farin gefe, watau ɓangaren da yake kusa da ɓawo, gama shi ne abincin gara da ƙwaron nan mai huda itace yana zubo gari. Sa'an nan a dubi kan falankin. In layukan jikin itacen a tsaye suke daga sama zuwa ƙasa, motsinsa bai cika wuce rabin na wanda layukansa suka kwanta kamar bakan gizo ba, kuma ba ya saurin lanƙwashewa. Siririn falanki mai inci 2 ko 3 ya fi mai faɗi zama lafiya, domin tsagar da zai bari ƙarama ce. Dalilin da ya sa ke nan magina na zamanin Turawa sukan yanka katako gutsi-gutsi kamar tubali su manna shi da kwalta.

Na biyu, busarwa, nan ne haƙuri yake aiki. Kada a sauke ɗanyen katako tsakiyar hunturu a jingine shi a rana, domin bayansa zai bushe cikinsa yana jiƙe, ya tsattsage ya murɗe. Gara a kawo shi da damina, ya riƙa saukowa sannu-sannu tare da iska. A jera shi a rumfa mai inuwa, nesa da ƙasa, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa, a shafe kawunan falankan da fenti, a danne saman da duwatsu. A bar shi ya ga rani guda cikakke, ya gama babbar tsukewarsa a rumfa. Bayan haka ne za a kai shi inji a goge, a fitar masa da harshe a gefe ɗaya da kwarmi a ɗaya gefen, yadda kowane falanki zai shiga cikin ɗan'uwansa kamar wuƙa da kube. Akwai ɗan ma'aunin laima mai allura biyu da ake sokawa a katako, duk kafintan da zai riƙi wannan aiki sana'a ya kamata ya mallake shi. Wanda ba shi da shi ya ware falanki ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli kowace Juma'a yana rubutawa. Muddin nauyin yana raguwa da yawa, aiki bai yi ba.

Na uku, ƙasan da za a ɗora shi. Sabon kankare cike yake da ruwa ko da samansa ya yi fari. Magina suna lissafa wajen wata guda ga kowane inci na kaurinsa kafin ya bushe. Tun wajen zuba shi ya kamata a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi, don ta tare danshin da yake tasowa daga ƙasa da damina. Ga gwaji mai sauƙi: a yanko leda kamar kamu ɗaya kowane gefe, a manne ta a kan simintin ta ko'ina, a bar ta kwana da yini. In an ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, a dakata. Katakon da aka ɗora bisa jiƙaƙƙen siminti cikinsa yake sha bayansa yana bushe, sai gefunansa su ɗago ya zama kamar kwalekwale. In haka ta faru kada a yi saurin goge shi da inji, domin ranar da ya bushe ya miƙe sai tsakiyarsa ta fi gefe tudu. Kuma lalle ƙasan ya zama a baje sumul, a gama shafe da fenti, a sa ƙofofi da tagogi, kāna a shigo da katakon ya yi mako biyu ko uku a cikin ɗakin, ya saba da iskarsa.

Na huɗu, lokacin aiki. Tun da ba mu da ikon hana katako motsi, dabara ita ce a kama shi a tsakiya, watau wajen kashi 8 ko 9, yadda rabin motsin zai tafi wajen tsukewa, rabi wajen kumbura. A nan wajenmu ƙarshen kaka ne lokacin, bayan an kai amfanin gona gida, kafin hunturu ya yi ƙarfi. Wanda larura ta sa shi yin aikin da bazara, kada ya matse, ya riƙa barin 'yar tazara bayan kowane 'yan layuka. Kowane lokaci aka yi kuma, tilas a bar fili kamar rabin inci zuwa inci ɗaya ba kwata tsakanin katako da bango ta kowane gefe, a rufe shi da siririn katakon da ake bugawa a gindin bango. Shi wannan a jikin bango ake kafa shi, kada ƙusa ta taɓa daɓen. Man da ake shafa wa katako kuma a shafa shi ciki da baya da gefuna. Ba ya hana shan iska, amma yana rage saurinsa.

Na biyar, gara. Kowa ya san ƙasarmu da ita. A tone duk shurin da yake kusa da gini, a zuba magani a ƙasa kafin a zuba kankare, a kwashe guntayen katako kada a binne su cikin ciko, a shafa wa sandunan ƙarƙashi maganin gara irin su Solignum. Baƙin man mota da wasu suke shafawa ya dace da dirkar rumfa, bai dace da ɗakin da yara suke rarrafe ba.

Na shida, zama da shi. Iyalinmu sun saba wanke siminti da bokiti, wannan kuwa ba ya son haka, sai tsumma mai ɗan danshi. Ba a ajiye randa a kansa, ba a alwala a kansa. Yashin da takalmi yake kwasowa yana kankare shi kamar dutsen wāshi, amma a nan al'adarmu ta tuɓe takalma a bakin ƙofa ta yi mana rana.

Wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa ya ga sun yi masa yawa, to, babu abin kunya ga barin abin. Kakanninmu ba rashin wayo ne ya hana su shimfiɗa itace a ƙasa ba. Sun san inda itace yake da amfani, suka kai shi sama, suka yi rufi da azarar giginya wadda gara take shakka, irin wadda dazukan Dallol Mauri wajen Gaya suka yi suna da ita. Ƙasa kuwa suka yi mata daɓe. A baje jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓai su yi ta bugu suna waƙa, a kawo ruwan makuba na kwasfar ɗorawa a zuba, a sake bugu, har ya yi baƙi-baƙi yana ƙyalli. Ba ya kumbura, ba ya tsukewa, ga sanyi da bazara sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, in ya fashe kuma maƙwabta sun iya gyara. Yau siminti da tayil sun kore shi daga yawancin gidaje, su ma kuwa ba ruwansu da laimar iska. Ba na cewa kowa ya koma daɓe. Cewa nake yi mutum ya san abin da yake saye, kada don ganin wane ya yi.

Akwai kuma maganar daji. Katako mai kyau ba ya tsirowa cikin shekara goma. Mun ga abin da ya sami maɗobiya: aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har taron ƙasashen duniya na shekarar 2016 ya sa ta cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, dokar ta fara aiki a 2017. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da hamada take yi wa barazana. Duk daɓen da ya lalace cikin shekara guda aka ɓamɓare aka hura wuta da shi, itatuwa aka kashe a banza, aka kuma koma a sake saro wasu.

Daga ƙarshe ina da shawara ga 'yan'uwana akawuna da masu rubuta takardun kwangila, tun ba na ginin hukuma ba, inda kuɗin talakawa ne ake kashewa. An saba riƙe wani ɗan kaso na kuɗin ɗan kwangila har wata 6 bayan gama aiki, don a ga ko wani aibi zai fito. Ga aikin katako a ƙasarmu wata 6 bai isa ba, domin fuska ɗaya kawai zai gani, ko ta damina ko ta rani. A mai da shi wata 12, aikin ya ga hunturu ya ga Agusta. A kuma rubuta cikin takarda irin itacen, da ranar da aka sauke shi, da abin da ma'auni ya nuna ranar da aka shimfiɗa, mai aiki da mai gida su sa hannu. In an yi haka, ranar da magana ta tashi ba sai an nemi boka ba. Zai kuma kare kafintoci, gama sau da yawa mai gida ne yake tsaye a kansu yana cewa lalle a gama kafin ranar biki, in abu ya ɓaci kuma su ne da shan zagi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku kuma kafintoci, in an kawo muku ɗanyen katako aka ce ku buga yau, ku faɗi gaskiya gaban shaidu tun kafin ku ɗauki guduma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da gidan da Malam ya yi tambaya a kansa, shawarata kada a taɓa kome sai ruwa ya ɗauke. In kaka ta yi a cire cikon da aka cusa, a yanke layin da yake jikin bango a ba shi fili, a bar shi ya kwanta da kansa, sa'an nan a goge. A raba hasarar biyu, a biya kafinta haƙƙin guminsa, zumunci ya fi daɓe.

Ina roƙon masu karatu na Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi, wanda duk ya san tsohon gini mai daɓen katako da ya daɗe bai motsa ba, ya rubuto wa Edita ya gaya mana irin itacen da yadda aka ɗora shi. Haka kuma tsofaffinmu mata da suka san sirrin haɗa makuba, a tambaye su a rubuta tun suna raye. Allah ya ba mu haƙuri cikin ayyukanmu, ya sa albarka a abin da muka gina, amin.

Haza wasalam.

Naka,
Akawun Bakin Iyaka,
Illela.